Injiniyoyin Gini da Suka Buɗe Fagen Mutum-mutumi a Pittsburgh

Lokacin da Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka ta kafa cibiyar nazarin mutum-mutumi a 1979, da tallafin kamfanin Westinghouse, ba ta da bakin tambayar kowa takardar ƙwarewa, domin fannin ma bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba.

Shugabanta na farko, Raj Reddy, ɗan wani ƙauye ne a kudancin Indiya, kuma injiniyancin gini ya fara karantawa a Madras. Daga baya ne ya tsunduma harkar kwamfuta, har ya yi digirin digirgir a Stanford a 1966 ƙarƙashin John McCarthy. Shi ma William Whittaker na Carnegie Mellon gini ya karanta, amma shi ya jagoranci ƙera na'ura mai tayoyi shida da aka tura ƙarƙashin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1984, ta ɗauko hotunan inda ɗan Adam bai isa ya taka ba.

Sai a 1988 Carnegie Mellon ta buɗe digirin digirgir a fannin mutum-mutumi, irinsa na farko a duniya. Ɗalibanta kuwa daga lissafi, kwamfuta da injiniyancin lantarki suka riƙa kwararowa.