AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Gidajen Gwamnati Da Abin Da Tarihin Daudawa Ya Koya Mana

TAMBAYA: Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai harkar hatsi a garin Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari ta jihar Katsina. Ya ce shi da abokan cinikinsa na Ƙanƙara da Sabuwa suna ta jin labarin sababbin gidajen da gwamnati ke ginawa don talakawa. Shi ne yake so mu ba shi tarihin irin waɗannan gidaje, mu kuma gaya masa ko manomi da ɗan kasuwar ƙauye suna da rabo a ciki.

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda taka. Tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu fara daga ƙofar gidanka, domin kuwa ita kanta Daudawa tana cikin wuraren da hukuma ta fara gwada tsara zaman mutanen karkara a ƙasar Hausa.

Abin da ya ɗaga sunan Daudawa shi ne auduga. A shekarar 1902 masu masaƙu na birnin Mancesta a Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA, wadda mutanenmu suka mayar Bisije. Burinsu shi ne su sami auduga mai arha daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sun ɗauka Kanawa za su duƙufa kan auduga, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bi gyaɗa. Wannan ya sa Turawa suka juya akalarsu zuwa arewacin Zazzau da kudancin Katsina, inda ƙasa ke da laka, damina kuma ta fi tsawo. A wajen 1912 aka shigo da wani irin auduga ɗan asalin Amurka mai suna Allen, mai dogon zare. A tsakiyar shekarun 1920 kuma aka buɗe gidan gona a Daudawa domin ninka iri mai kyau, wanda daga nan ake raba shi ga manoma.

Ba a daɗe ba sai layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Funtuwa ta sami tasha da injin gurzar auduga, ta zama babban gari. Daga 1928 ma'aikatar gona ta fara koya wa manoma noma da garmar shanu, ana ba mutum bashin bijimai da garma ta hannun En'e, ya riƙa biya a hankali, takin shanun kuma ya koma gona. Yankin Daudawa na cikin wuraren da wannan noma ya karɓu sosai.

To, a nan sai mu lura da yadda abin ya jeru. Gona ta fara zuwa, sai fulotin awon auduga, sai hanya, sai kasuwa. Bayan nan ne leburori da malaman gona da 'yan ƙwadago da fatake suka taru, kowa ya kafa gidansa. Wato abin yi ne ya jawo mutane, mutane suka kawo gidaje. Mai tambaya ya riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da za mu auna sauran labarin da shi.

Wani gwajin da ya fi kama da gidajen gwamnati na yanzu an yi shi a Anchau, cikin lardin Zazzau, daga 1937. Ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya addabi mutanen wurin. Hukuma ta sa aka sassare kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tara su a sababbin matsugunai, aka kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya. An yanka tituna masu faɗi, an bar fili tsakanin gidaje saboda gobara, an haƙa rijiyoyi na siminti, an yi kasuwa da mahauta da ɗakin shan magani da makaranta. Gaskiya ne da umurni aka tashi mutanen, ba da son ransu duka ba. Amma an bar musu fasalin gidan da suka saba, kuma gonakinsu na kusa. Shi ya sa garin ya zauna.

In aka koma birane kuwa, gidajen da Turawa suka fara ginawa na kansu ne da na ma'aikatansu: unguwar Turawa, barikin soja da na 'yan sanda, da kwatas na ma'aikatan reluwe. Talaka bai shiga lissafi ba sai da annoba ta ɓarke a Ikko, aka kafa hukumar tsara birnin a 1928. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Ita ce ta gina unguwar Festac a Ikko don bikin al'adu na 1977, mai gidajen bene inda iyali da yawa ke zaune a gini ɗaya, kowa da sashensa. A tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma abin da aka gama bai kai kashi 15 cikin 100 ba.

Sai kuma wanda kowa ya fi sani a Arewa, wato gidajen Shagari. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya sa abinci da muhalli a gaba. Aka tsara gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, wato 40,000 ke nan a jihohi 19 da Abuja. Mafi yawansu ciki da falo ne, da nufin mai gida ya ƙara ɗaki in ya sami hali. Niyya ta yi kyau. Amma da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, abin da aka gina bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Me ya jawo haka? Na farko, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. A lokacin nan Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai a 1987 ta sami jiharta. Kaduna da Kano kuwa gwamnoninsu 'yan PRP ne, tarayya tana hannun NPN. A jihohi da dama na 'yan adawa an yi ta ja-in-ja a kan fili, wani wurin ma sai can bayan gari aka ba da. Na biyu, kwangila ta zama abin saka wa 'yan siyasa, wasu suka karɓi kuɗi suka bar gini a rabi. Na uku, zane guda aka yi wa ƙasa baki ɗaya, gidan da aka gina wa mutumin Fatakwal shi aka gina wa mutumin Malumfashi. Na huɗu, wanda ya fi duka, an gina da yawa daga cikinsu inda babu ruwa, babu wuta, babu kasuwa, babu makaranta. Wasu suka shekara da shekaru ba kowa sai jemagu da awaki, ɓarayi suka kwashe ƙofofi da kwano. Sai da garuruwa suka faɗaɗa suka cim musu, sannan unguwannin Shagari Kwatas da Lokos suka cika da mutane, har suka yi daraja.

A daidai wannan lokaci Gwamna Lateef Jakande na Ikko ya gina nasa rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi, ya haɗa su da makarantu, ya sa su inda ma'aikata za su iya zuwa wurin aiki. Nan da nan aka cika su. Kun ga ashe bambancin yana ga wurin da aka ajiye gida da abin da ke kewaye da shi.

A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci ana tarawa a Bankin Ba Da Lamunin Gidaje na Tarayya, domin ya ci bashin gida ya biya cikin shekaru masu yawa. A 1994 gwamnatin Janar Abacha ta yi shelar gina gidaje 121,000, mutane suka zuba kuɗin ajiya, amma kaɗan ƙwarai aka gina. Jihohi ma sun yi nasu. A birnin Katsina akwai rukunin gidaje na Goruba da na Barhim, a Kano akwai Kundila, sannan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015.

Na baya-bayan nan, waɗanda muke jin su ne mai tambaya yake nufi, su ne na shirin Sabunta Fata na gwamnatin Shugaba Bola Tinubu. A watan Fabrairun 2024 aka aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, Abuja. A watan Mayu na shekarar kuma ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Ɗangiwa, wanda ɗan jihar Katsina ne, ya aza harsashin gidaje 250 a Katsina, masu ɗakin kwana ɗaya da biyu da uku. Hanyoyin mallaka da aka bayyana su ne biya gaba ɗaya, ko biya kashi-kashi, ko lamunin banki, ko haya wadda ke zama mallaka in an gama biya. Ta intanet ake neman su.

Yanzu sai mu zo ga kashi na biyu na tambayar: ina rabon manomi? Malam, ba za mu ɓoye maka ba, yawancin waɗannan tsare-tsare da mai albashi aka auna su. Banki yana son ya ga kuɗin da ke shigowa duk ƙarshen wata, shi kuwa manomi sai kaka yake ganin kuɗi, wata shekarar ma fari ko tsadar taki su cinye ribar. Daɗin daɗawa, gidajen a babban birnin jiha suke, tafiyar sa'o'i daga Daudawa. Wa zai kwana a Katsina ya yi sammakon huɗa a Faskari?

Sannan ga fasalin gida. Gidan manomi yana bukatar zaure inda maigida zai karɓi baƙi, da tsakar gida inda mata za su yi daka da shanya cikin sutura, da rumbu, da turken awaki da na shanun noma, da wurin da ɗa zai ja ɗakinsa in ya yi aure. Ɗan kasuwa yana bukatar sito. Gidan bene mai sashe-sashe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya dace da ma'aikacin ofis mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, a birnin da fili ya yi tsada. Ba za ka hau da buhun masara hamsin da ɗan maraƙi hawa na uku ba.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Mai sana'ar kansa yana iya yin rajista da Asusun Gidaje ya riƙa zubi, kuma ƙungiyoyin gama-kai na manoma da 'yan kasuwa sun fi samun saurare a banki fiye da mutum shi kaɗai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addini, ya tambayi tsarin haya zuwa mallaka, ya sa a karanta masa sharuɗɗan, ya kai wa malami ya duba. Kada kowa ya ba wani dillali kuɗi a kasuwa wai zai samo masa fom. A je ofishin ma'aikatar gidaje, a karɓi rasit. Kafin a biya ko kwabo a je a ga wurin da ido, gani ya kori ji. A tambaya: ina ruwa? Ina makaranta da asibiti? Mota tana shiga da damina? Wace takardar mallaka za a ba ni?

Akwai kuma maganar da ba za a tsallake ba. A shekarun nan matsalar muhalli a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ta haɗu da ta tsaro. Kowa na tune da daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, mutanen da ke da gidansu da rumbunsu suka koma raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangwaye a Funtuwa da sauran garuruwa. Irin waɗannan bayin Allah, babbar bukatarsu ita ce su koma gonakinsu lafiya, a taimaka musu da kwano da siminti su ta da abin da aka ƙone.

Saboda haka in wakilanku sun zo neman ƙuri'a, tun da ƙananan hukumomin nan uku mazaɓa ɗaya suke a majalisar wakilai ta tarayya, ku san abin da za ku roƙa. Ku nemi a yanka filaye masu faɗi a gefen garuruwanku, a fitar da tituna da magudanan ruwa, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a ba da takardar mallaka, a sa bashin kayan gini wanda za a biya da kaka. Ginin kuwa ku bar wa kanku, magina ba su ƙare a ƙasar Hausa ba. Yankinku ya taɓa ganin irin wannan aiki: shirin raya aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 ya yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da wuraren sayar da taki, kuma a shekarun da amfanin gona ya yi albarka manoma da kansu suka riƙa sauya jinka da kwano, ba wanda ya gina musu. Haka Daudawa ta ginu tun farko, haka Funtuwa ta ginu.

Da fatan mai tambaya da abokan cinikinsa sun gamsu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin. Masu saurare, sai ku ci gaba da aiko mana da takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.