Asalin Tafkin Kiri

Kogin Gongola daga gabashin tsaunukan Jos ya taso. Ya ratsa ƙasar Bauchi da ta Gombe, sa'an nan ya karkato kudu ya zuba a Binuwai a Numan. Da sunansa aka kira tsohuwar Jihar Gongola, wadda aka ƙirƙira a 1976, har zuwa 1991 da aka raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba.

A da, kogin nan ba shi da linzami. Da damina ya cika ya malale fadamu, da rani ya janye ya bar yashi da 'yan gurabe. Mutanen bakinsa, Kanakuru da Lunguda da maƙwabtansu, sun san lokutansa. In ya janye su shuka a laka, su kuma kama kifin da ya maƙale a guraben.

Ana nan sai gwamnati ta kafa kamfanin sukari na Savannah kusa da Numan. To, rake kuwa ba ya jure ƙishi, yana son ruwa rani da damina. Saboda haka aka shawarta a tare kogin a Kiri, cikin ƙasar Shelleng. Aka gina madatsa mai tsawon kilomita 1.2, tsayinta mita 20, aka gama a 1982. Ruwa ya taru a bayanta, wurin da aka tsara ya ɗauki kubik mita miliyan 615. Daga nan aka haƙa babbar magudana mai kai ruwa gonakin rake. Dubban mutane suka tashi daga gidajensu da gonakinsu, domin ruwa ya ci su.

Don rake aka tara ruwan, amma kifi bai nemi izinin kowa ba. Ciyawa da itatuwan da suka nutse suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa. Labari ya bazu, masunta suka taho daga nesa suka kafa tunga. Manoman da suka rasa fadama, da yawansu suka koyi tuƙa kwalekwale. Wani ya jefa birgi, wani ya shimfiɗa kalli da yamma ya ɗebe da asuba, wani ya ɗana mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Ana samun tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa. Abin da ba a sayar ɗanye ba, mata su yi banda, fatake su kwasa zuwa kasuwannin birane. Sai dai masunci ba shi kaɗai ne a ruwan ba, akwai dorina, wadda kan kifar da jirgi, ta kuma shiga gona da dare.

Yau tafkin na da abokan gaba biyu. Na ɗaya laka, wadda kogin ke kwasowa kowace damina yana jibgewa a ƙasa, zurfi na raguwa. Na biyu raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa haihuwa ba. Yashe laka sai hukuma, amma zaɓen idon raga yana hannun masunta da sarakunan ruwansu.