Ranar Da Aka Kai Ɓeraye Gaban Alƙali: Tarihin Yajin Biyan Haya A Harlem



Da wuya mu rubuta labari uku ba mu saka gidan haya a ɗaya ba. Mun saba da fitowar mai gida yana buga ƙofa da sassafe, ɗan haya yana ba shi haƙuri, a ƙarshe a watso kaya waje. Abin da ba mu cika rubutawa ba shi ne ɗan hayar da kuɗinsa na aljihu, amma ya ce ba zai biya ba sai an gyara rufin da ke yoyo. Yana da wannan damar? A ƙasashen da ake bin tsarin shari'ar Ingila, an ɗauki ɗaruruwan shekaru amsar ita ce a'a. Yau za mu bi yadda amsar ta canza a Amurka, da waɗanda suka canza ta.

A tsohuwar shari'ar Ingila, haya ba ɗaki ake ba mutum ba, ƙasa ake ba shi na wani lokaci. Dokar ta taso ne a zamanin da ɗan haya manomi ne, gona ce gabansa, bukkar da ke kanta kuwa shi zai gyara abarsa. Don haka biyan haya daban, lafiyar gini daban. A shekarar 1647 an yi shari'ar Paradine da Jane. Ɗan haya ya ce sojojin Yarima Rupert sun kore shi daga gonar a lokacin yaƙin basasar Ingila, bai mori komai ba. Kotu ta ce tunda ya ɗauki alkawarin biya, sai ya biya. Idan runduna guda ba ta zama uzuri ba, ina ga rufi mai yoyo?

An ɗan sami kafa a 1843. Wani mai suna Sir Thomas Marrable ya kama hayar gida da kayan ɗakinsa a garin Brighton don iyalinsa su huta 'yan makonni. Suna shiga suka tarar kuɗin cizo ya cinye gidan. Ya biya kuɗin mako ɗaya, ya mayar da makulli, ya tashi. Mai gida ya kai ƙara, kotu ta ba Marrable gaskiya. Sai dai ba a jima ba alƙalai suka taƙaita hukuncin ga gidan da aka bayar haɗe da kayan ɗaki. A Amurka ma an yarda cewa idan mai gida ya sa zama ya gagara, ɗan haya zai iya tashi a ɗauka kamar korar sa aka yi. Amma sharaɗin shi ne sai ya tashi ɗin. Wanda ya zauna ya biya. To talakan da ba shi da wurin zuwa fa?

Irin wannan talakan ne ya cika unguwar Harlem da ke birnin New York a farkon shekarun 1960. Yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne da 'yan Puerto Rico, waɗanda wariya ta hana a ba su haya a wasu unguwanni. Benayen da suke ciki tsofaffi ne, wasu tun kafin dokar gine-gine ta 1901 aka gina su. Masu gidajen ba a unguwar suke zaune ba, wakili ne ke zuwa karɓar kuɗi. A lokacin hunturu, ƙanƙara na zuba a waje, tukunyar ɗumama ɗakuna ta mutu a bar ta haka. Babu ruwan zafi, silin na ruftowa, ɓeraye na cizon jarirai a kan gado. Birnin yana da dokokin da suka haramta duk wannan, amma tarar da ake ci ba ta kai kuɗin gyara ba, sai mai gida ya zaɓi biyan tara.

Jesse Gray, haifaffen jihar Louisiana, ya shafe kusan shekara goma yana hawa bene yana sauka yana haɗa kan 'yan hayar Harlem, ba tare da an san da shi sosai ba. A ƙarshen 1963, shekarar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washington, mutane sun fara cire tsoro. Ƙungiyar Gray ta kira yajin biyan haya a watan Nuwamba. An fara da gine-gine ƙalilan, kafin hunturu ya fita sun haura ɗari. Tsarin mai sauƙi ne: kowane bene ya kafa kwamiti, a rubuta duk abin da ya lalace, a kai ƙorafi hukuma ta turo mai dubawa, kuɗin haya kuma a ajiye shi gefe, kada a taɓa.

Masu gidaje suka kai ƙara suna neman a fitar da mutane. A ƙarshen watan Disamba, 'yan hayar wasu benaye na titi na 117 suka zo kotun Manhattan da ɓeraye a ɓoye cikin kayansu, wasu matattu wasu da rai. Suka ɗaga su sama 'yan jarida suka ɗauki hoto. Abin da takardun ƙorafi suka kasa yi shekara da shekaru, hoto ɗaya ya yi shi a kwana ɗaya. Alƙali Guy Ribaudo ya dogara da wata tsohuwar doka da ba a cika amfani da ita ba, ya ce kada a fitar da su, su riƙa biyan hayar a hannun kotu har sai an yi gyara. A watan Janairun 1964 wani alƙalin a Brooklyn, Fred Moritt, ya wuce nan, ya ce gidan da bai dace da zaman ɗan Adam ba, ba a bin bashin hayarsa. Masu yajin suka shiga aika wa Gwamna Nelson Rockefeller ɓerayen roba ta gidan waya. Magajin gari Robert Wagner kuwa ya fito da shirin yaƙi da ɓeraye.

Kada mu ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Shari'a gida-gida ake yin ta. Masu shirya yajin suka ƙare a zaryar kotu da cike takardu. Wanda ya ci kuɗin hayar saboda yunwa, ranar da kotu ta ce ya kawo ya kasa, an fitar da shi. Wasu masu gidajen suka gudu suka bar benayen baki ɗaya. Kafin 1964 ta ƙare yajin ya lafa.

Amma ya bar baya. A 1965 jihar New York ta yi dokar da ta ba kashi ɗaya cikin uku na 'yan hayar bene damar neman kotu ta karɓi haya, ta naɗa wanda zai yi gyara da kuɗin. A birnin Washington kuma, 'yan hayar Clifton Terrace suka riƙe hayar watan Afrilun 1966, suka ce za su kawo shaidar karya dokar gini kimanin 1,500. Ƙaramar kotu ta ƙi saurare, ta ce wannan bai shafi bashin haya ba. A 1970 kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin Alƙali Skelly Wright, ta rushe wannan. Hujjarsa ita ce ɗan hayar birni ba gona ya zo nema ba, matsuguni ya saya, da ruwansa da wutarsa da ƙofa mai kulluwa, don haka biyansa yana rataye da lafiyar gidan. New York ta mayar da wannan doka a 1975, yau kuma kusan dukkan jihohin Amurka suna da irinta.

Me za mu ɗauka a matsayinmu na masu riƙe alƙalami? Na farko, waɗannan mutane ba cin kuɗin mai gida suka yi ba. Sun ajiye, sun rubuta, sun haɗa kai. Idan jarumin labarinmu ya daina biya shi kaɗai, babu shaida babu rasit, sannan muka ba shi nasara a kotu, mun yaudari mai karatu, kuma wani zai iya kwaikwaya ya kwana a titi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, don haka mu tambayi lauya ko alƙalin garin da labarinmu yake kafin mu rubuta fitowar kotu. Na biyu, mu daina cewa "gidan ya lalace" mu wuce. Mu nuna bokitin da ake tarawa a tsakar ɗaki duk daren da hadari ya haɗo, da uwar da ke kwana a zaune don ta tsare ƙafar jaririnta.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta fitowa ɗaya, kada ta wuce shafi guda, inda 'yan hayar gida ɗaya suka zauna shawara a kan ko su riƙe kuɗin wata. A saka mutum ɗaya da ke tsoro, kuma a ba shi hujja mai ƙarfi. Sai mun ga rubutunku.