Sarkin Gwari Abdu da Zuriyarsa

A Ingila, cikin ƙarni na 18, ƙasa ita ce tushen sarauta. Mutum yakan gaji gonaki da gidaje daga ubansa, kana dukiyar nan ta buɗe masa ƙofar majalisa. A Daura kuwa al'amarin akasin haka ne: sarauta ce take kawo ƙasa. Sarki ke raba garuruwa ga masu sarauta, irin su Galadima da Kaura da Magajiya, su tara kuɗin ƙasa, su ci nasu rabon, su kai sauran fada. Ran da aka tuɓe mutum, ran nan garuruwansa suka bar hannunsa. Sai an riƙe wannan bambanci a zuci kafin a gane abin da ya sami gidan Sarkin Gwari Abdu.

Abdu shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe da ya mulki Daura kafin jihadi. Ya hau gadon sarauta cikin kashin ƙarshe na ƙarni na 18, sa'ad da Daura take ƙarƙashin inuwar Barno. Ƙasar ba ta da faɗi in an gwada ta da Kano ko Katsina, wadda take iyaka da ita ta yamma, wajen Dutsi. Amma tana da abin da ya fi faɗin ƙasa, watau girman asali, gama duk Hausa Bakwai can suke mai da tushensu, wajen rijiyar Kusugu.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Shekara guda bayan haka, a 1805, Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya kewaye birnin Daura har ya ci shi. Abin lura ne cewa Daura ta faɗi tun kafin Katsina da Kano, tun kuma kafin Alƙalawa ta Gobir, wadda ba a ci ba sai 1808. Abdu ya fita da 'yan'uwansa da bayinsa da waɗanda suka zaɓi binsa, ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan a arewa da gabashin ƙasarsa, har ya rasu wajen 1825 bai sake shiga birnin ba.

To, a nan ne abin yake da ban sha'awa ga mai nazarin mulki. Bisa ga ƙa'idar da aka ambata a sama, sarkin da ba shi da ƙasa ba shi da abin ba mabiyansa, ya kamata a ce sun watse. Ba su watse ba. Gidan ya ci gaba da naɗa sarautu kamar dā, har da waɗanda garuruwansu suke hannun Fulani. Ashe dai mutane sun riƙe sunan sarautar da muhimmanci fiye da kuɗin ƙasar da take kawowa. M. G. Smith ya bi diddigin wannan al'amari cikin littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

Ɗan'uwan Abdu, Lukudi, shi ya gaje shi, daga baya kuma Nuhu ɗan Lukudi. Amma haɗin kan bai ɗore ba. Rigimar gado ta raba gidan, wani reshe ya zauna Zango, wani Ɓaure, ga kuma Fulani a birni: Daura uku ke nan a ƙasar da ko ɗaya ma ƙarama ce. Zango da Ɓaure suka koma biyan gaisuwa ga Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ƙarfinsa ya hana Fulani gamawa da su, ya kuma hana su 'yancin kansu.

Da Turawa suka zo, iyakar Ingilishi da Faransa ta yanke tsohuwar ƙasar Daura, wani yanki ya faɗa abin da ya zama Nijar. A 1906 Ingilishi suka sauke sarkin Fulani Murnai, suka ɗauko Malam Musa ɗan Nuhu daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, abin da ba su yi wa Haɓen Katsina da ke Maraɗi ba, ko na Zazzau da ke Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ɗan Musa, Abdurrahman, ya yi sarauta daga 1911 har 1966, shekara 55, sannan Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007.