Katunan T206: Tarihin Bugunsu da Bambancin Bayansu

Katin taba ɗan guntun kwali ne da kamfanonin Amurka suke sakawa cikin kwalin sigari tun wajen 1880. Da fari aikinsa kawai ya tokare kwalin don kada karan sigari ya karye. Daga baya 'yan kasuwa suka ga fili ne na talla, sai suka shiga buga hotunan 'yan wasan besbol, wato ƙwallon da ake dukanta da kulki. Kamfanin Goodwin na New York ya fitar da katunan Old Judge tsakanin 1886 da 1890, hotuna ne na kyamara da aka manna a kan kwali.

Jerin da ya fi shahara shi ne T206, wanda American Tobacco Company ta raba daga 1909 zuwa 1911. Sunan ma ba na kamfanin ba ne, wani mai tara kati, Jefferson Burdick, shi ya raɗa shi a cikin kundinsa na katunan Amurka. Ana lissafa kati 524 a jerin, kowanne faɗinsa kusan santimita 3.7, tsawonsa 6.7.

Maɗaba'ar American Lithographic da ke New York ce ta buga su, da dabarar bugun dutse. Mai zane zai ɗauki hoton ɗan wasa marar launi, da dama daga cikinsu aikin Carl Horner na Boston, ya rarraba shi launi-launi. Takarda guda mai ɗauke da katuna da yawa tana shiga inji sau shida: rawaya, baƙi, ruwan ƙasa, shuɗi, kore, sannan ja a ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin atamfar da launinta ya zarce layin zane zai gane abin da ke faruwa idan takardar ta goce ko da kaɗan. Akwai katunan da aka tsallake musu launi guda, akwai kuma na Sherry Magee da aka rubuta sunansa Magie kafin a gyara.

Amma a bayan katin tarihin yake. Fuska ɗaya tana iya zuwa da baya iri-iri, domin kowace taba tallarta ake bugawa, kuma yawanci ana ƙirga sunaye 16. Piedmont mai shuɗiyar tawada da Sweet Caporal mai ja su ne suka fi yawa. Drum da Uzit da Lenox da Broad Leaf kuwa sai an tona. Polar Bear ba sigari ba ce, garin ganyen taba ne a jaka, shi ya sa katunanta suke yawan zuwa da tabo. Na American Beauty an yanka su sirara fiye da sauran. A ƙasa akwai lambar masana'anta da gundumar haraji, kamar 25 a Virginia, 30 a New York, 42 a North Carolina, don doka ta wajabta hakan. Wasu na Sweet Caporal an shafe tsohuwar lambar da jan layi aka buga 649. Rubutun da ke nuna jeri na 150 ne, ko 350, ko 460, shi ke faɗin lokacin da aka buga katin. A ganina wannan ɓangaren ya fi hoton daraja, domin shi ke nuna hanyar da kati ya bi daga maɗaba'a zuwa hannun mashayi.

Katin Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh, an dakatar da bugunsa da wuri. Wasu sun ce ya ƙi yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce rigimar kuɗi ce. Waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba, kuma an sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Kotun Ƙolin Amurka ta wargaza American Tobacco Company a 1911, shekarar da jerin ya ƙare.

Mai karatu a Birnin Gwari ko Zariya, inda Nigerian Tobacco Company ta buɗe masana'anta a 1959, ya san cewa a nan kara-kara ake sayen sigari wurin mai tebur. Da irin wannan kati ya zo kasuwarmu, a hannun mai teburin zai tsaya, tun da shi ke buɗe kwali.