Zaman Jama'a a Damagaram Lokacin Mulkin Nasara

Bayan da sojojin Faransa suka kama Zinder a 1899, zaman gari ya kasu gida uku. A Birni sarakuna da malamai suke, a Zango fatake da Buzaye, Nasara kuwa suna bariki tare da gardawansu da tafintoci.

Sarauta ta fara ɗanɗana wuya. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, aka ɗora Ballama, bawan fada, kan jama'a. Sai a 1923 kujerar ta koma gidanta a hannun Barma Mustafa. Daga nan aikin sarki da hakimansa ya zama tara lanho da fitar da mutane aikin dole. In kuɗi sun gaza kwamanda ya tuhume su, in sun cika talakawa su yi kuka da su.

Talaka shi ya ɗauki mafi nauyi. Yakan bar gonarsa ya tafi gyaran hanya ko dako ba lada, kuma kwamanda na iya ɗaure shi ba tare da shari'a ba. Da yawa sun tsallaka ƙasar Ingilishi, wajen Daura da Kano. Fatake ma sun ga ayarin Tarabulus ya mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, suka koma cinikin gyaɗa.

Sai a 1946 aka soke aikin dole. A tsawon waɗannan shekaru, ƙimar kowane basarake a idon jama'a ita ce yawan wahalar da ya iya tare musu.