Kiɗan Fina-finan Indiya a Kunnen Bahaushe

Manazarta sun fi mai da hankali ga waƙoƙin fina-finan Indiya, suka bar kiɗan da ke ɗauke da su. Alhali kuwa ta wannan kafa ce Bahaushen birni ya saba da jin taron makaɗa, watau goge da sarewa da ganguna suna tashi tare bisa tsari guda.

Tun shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suke kawo waɗannan fina-finai gidajen silima na Arewa. Mother India na 1957, wanda Naushad ya tsara wa kiɗa, ya yi shekaru ana maimaita shi. Da kaset ya yawaita, sai kiɗan ya rabu da hoto: a wuri kamar tashar motar Kawo, inda ake kama hanyar Zariya, mutum kan haddace karin fim ɗin da bai taɓa gani ba.

A Kano, 'yan bandirin Ushaƙu Indiya suka ɗora bege a kan irin wannan kari. Amma da fim ɗin Hausa ya kafu bayan Turmin Danya na 1990, karin kaɗai aka gada. Aikin taron makaɗa, abin takaici, ya koma hannun mutum ɗaya da fiyano.